Jirgin Fito da Hadari a Bakin Tsofaffin Direbobin Manyan Motoci: Waiwaye daga Rido

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin adabin baka na Hausa sun daɗe suna ba da ƙarfi ga tatsuniya da karin magana da kirari da waƙoƙin makaɗa, kuma haƙiƙa sun yi aiki abin yabo. Amma akwai wani rukunin zance wanda ya cancanci a juyo gare shi, watau labaran da masu sana'a ke bayarwa game da sana'arsu idan sun zauna hira a tsakaninsu. Mahauci yana da nasa, maƙeri yana da nasa, haka nan direban babbar mota. Daga cikin labaran direbobi kuwa, waɗanda suka fi tsayawa a zukatan tsofaffinsu su ne na ranakun da suka ɗora motocinsu a kan jirgin fito, hadari ya taso musu suna tsakiyar ruwa.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bayyana inda aka yi irin wannan fito, da yadda ake yin sa, da dalilan da suka sa ya zama abin tsoro, sa'an nan a nuna hanyar da mai nazari zai bi ya auna labarin da aka ba shi. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne cewa waɗannan labarai suna ɗauke da ilmi na ƙwarai game da iska da nauyi da halin ruwa, ilmin da zuwan gadoji ya sa aka yi watsi da shi, alhali kuwa har gobe rayuka na salwanta a kogunanmu saboda rashinsa.

Ya kamata tun daga farko a faɗi cewa direban Arewa bai saba ƙetare teku da motarsa ba, kamar yadda takwarorinsa na Turai suka saba. Kwara da Binuwai da manyan tafkuna su ne tekunsa. Saboda haka a kansu za a fi tsayawa, kodayake za a leƙa Bahar Maliya da wasu tekuna inda hakan zai ƙara haske.

2.0 Rido da Zaman Direbobi

Rido tana kudu da kogin Kaduna, a ƙaramar hukumar Chikun, cikin ƙasar Gbagyi. Abin da ya sauya fuskarta shi ne matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980 a kan hanyar Kachia. Tun daga lokacin Mararrabar Rido da kewayenta suka zama matattarar tankokin mai da tireloli, da makanikai da masu faci da masu sayar da abinci. Lodin mai kuwa abu ne na jiran layi, wani lokaci kwana da kwanaki, kuma duk inda direbobi suka yi zaman jira, to, hira ce sana'arsu ta biyu.

Muhimmancin wannan wuri ga nazarinmu shi ne irin mutanen da ya tara. Yawancin waɗanda suka fara jan tanka a farkon shekarun 1980 ba a kan tanka suka koyi tuƙi ba. Sun taso ne a matsayin karnukan mota a kan motoci masu bodin katako, irin su Bedford da Austin da Mercedes 911, suna ɗaukar gyaɗa da auduga da shanu da albasa zuwa Kudu, su komo da goro da manja da gishiri da siminti. Watau su ne rukuni na ƙarshe da suka ga zamanin fito da idonsu, suka kuma ga zamanin gada. Yaron da ya fara bin mota yana ɗan shekara 15 a 1965, a yau ya haura saba'in. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa aikin tattara labaransu ba ya jiran gobe.

3.0 Mashigai da Gadojin da Suka Gaje Su

Duk wanda ya dubi taswirar Nijeriya zai ga cewa Kwara da Binuwai, waɗanda suka haɗu a Lakwaja, sun raba ƙasar kashi uku. Babu yadda za a yi kaya su tashi daga Kano ko Zariya su isa Ikko ko Fatakwal ba tare da sun ƙetare ɗaya daga cikinsu ba. Kafin zuwan Turawa masu fito ne ke ƙetarar da fatake da jakunansu a kwale-kwale, ƙarƙashin ikon sarkin ruwa ko sarkin jirgi, kuma kuɗin fito na daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗin garuruwan bakin kogi.

Hanyar jirgin ƙasa ce ta fara kawo manyan gadoji. A Jabba, jirgin ruwa ne ke ƙetarar da taragai har sai da aka gama gada a shekarun Yaƙin Duniya na Farko. A Makurɗi ma haka aka yi ta yi, har zuwa 1932 da aka buɗe gadar Binuwai. Waɗannan gadoji biyu sun daɗe suna ɗaukar jirgin ƙasa da mota gaba ɗaya, kowa da lokacinsa. In ban da su, shekaru masu yawa duk sauran mashigai na jirgin fito ne. Akwai na Asaba da Anaca, inda aka gama gada mai tsawon kimanin kilomita 1.4 a ƙarshen 1965, aka karya wani sashe nata a 1967 cikin yaƙin basasa, sa'an nan aka gyara bayan yaƙin. Akwai na Lakwaja zuwa Shintaku, da na Jamata kusa da Kotonkarfe, inda daga baya aka gina gadar Murtala Muhammed. A kan Binuwai akwai na Numan, inda kogin Gongola ya shigo, da na Jimeta, da na Loko, da na Ibi wanda ya haɗa ƙasar Wukari da ta Filato. Kogin Kaduna kansa yana da nasa a Wuya, kan hanyar Bida zuwa Mokwa. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ne ya gina da dama daga cikin gadojin da suka maye gurbin waɗannan jirage, amma ba duka ba. Gadar Loko zuwa Oweto sai a 2023 aka buɗe ta, Ibi kuwa ta shiga wannan ƙarni jirgin fito ne abin dogaronta.

Direban da ya fita wajen Nijeriya ma bai tsira ba. A Yamai sai a 1970 aka buɗe gadar Kennedy. Mai zuwa Cadi yakan tarar da ruwa tsakanin Kuseri da Fallomi, watau Njamena ta yau. Mai bin tsohuwar hanyar goro zuwa Gwanja da Kumasi kuwa yana da mashigin Yeji a kan kogin Bolta. Wannan mashigi shi ne ya fi kowane kama da teku, domin bayan da aka gama madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, kogin ya zama tafki mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,500, fiton da a da ake hango ƙetarensa ya koma tafiyar kilomitoci, ga kuma kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suna tsaye a ƙarƙashi. Irin wannan sauyi ya faru a ƙasar Yawuri da Borgu bayan gina madatsar Kainji a 1968.

4.0 Yadda Labarin Fito Yake Tafiya

Jiragen da ke ɗaukar mota iri uku ne. Na farko shi ne kwale-kwale biyu ko fiye da aka ɗaure wuri ɗaya aka shimfiɗa musu katako, wanda ƙaramar mota kaɗai yake iya ɗauka. Na biyu shi ne faffaɗan dandamali na ƙarfe marar inji, wanda ake ja da igiyar ƙarfe ko kuma wani ƙaramin jirgi mai inji ya tura shi. Na uku shi ne babban jirgi mai injin kansa, mai matakala da ake saukewa a bakin gaɓa mota ta hau. Ko wanne aka hau, labarin da direba zai bayar yakan bi matakai uku, kuma kusan kullum a jere suke zuwa.

4.1 Jira a Bakin Kwata

Da jira labarin yake farawa. Jirgi ɗaya ne, motoci kuwa ga su nan jere har ido ya gaza. Idan injin jirgin ya lalace, sai a kwana, a wuni, a sake kwana. A nan ne asarar direba take somawa tun bai taɓa ruwa ba: shanu su galabaita cikin rana, albasa da tumatir su ruɓe, goro ya bushe idan ba a yayyafa masa ruwa ba, kuɗin guzuri su ƙare. Wannan mataki yana da muhimmanci ga fahimtar abin da zai biyo baya, domin mutumin da ya kwana uku a layi, in layi ya zo kansa, ba zai so a ce masa ya dakata don an ga gabas ta yi baƙi ba. Haka nan ma'aikatan jirgi, ganin yawan masu jira yakan sa su ƙara mota ɗaya a kan abin da ya kamata. Sauri, in ji Hausawa, shi ya haifi nawa.

4.2 Hawa

Mataki na biyu shi ne hawa jirgin, kuma nan ne gwanintar direba take bayyana. Gaɓar kogi gangare ce, da damina ga santsi. Dole mota ta gangara a giya ta ɗaya, ta taka matakala daidai, karen mota yana biye da waigi a hannu, yana jiran a ce ya sa. Da zarar tayoyin gaba sun hau, sai bakin jirgin ya nutsa kaɗan saboda nauyi, ɗaya gefen ya ɗaga, kuma idan ba a ɗaure jirgin da kyau ba yakan ja da baya ya bar rata tsakaninsa da gaɓa. Birkin da ya ƙi kamawa a nan, ko totur da aka taka fiye da kima, ya isa ya sa mota ta zarce ta faɗa ruwa ta ɗaya bakin. Shi ya sa ake sauke fasinjoji su hau da ƙafa, direba kuma ya bar ƙofarsa a buɗe.

4.3 Tsakiyar Ruwa

Mataki na uku shi ne zuciyar labarin. Yadda akan siffanta shi bai cika bambanta ba daga baki zuwa baki: iska ta ɗauke tsit, zafi ya yi yawa, gabas ta haɗe, sai a hango ƙura ko duhu yana tahowa bisa ruwa. Kafin ɗigon farko ya sauka iska ta riga ta iso. Tamfol ya shiga kaɗawa, mota ta shiga rangaji a kan sifirin ɗinta, ruwa ya fara tsallakowa kan dandamali, ƙetaren da ake hange ya ɓace. Shanu su taru gefe ɗaya cikin mota, mutane su ruga gefe ɗaya cikin jirgi, matuƙi yana tsawa a koma tsakiya. Sai salati da addu'a, kowa da harshensa.

Abin lura a nan shi ne matsayin direban kansa. A kan titi shi ne sarki, sitiyari na hannunsa, yaransa na jiran umarninsa, fasinja na lallashinsa. A kan ruwa kuwa injinsa a kashe yake, birkinsa ba ya tsayar da komai, kuma ransa da dukiyar maigidansa suna hannun wani matuƙi wanda galibi Banufe ne ko Bakakande ko Bajukune, wanda wataƙila ko harshe ba su haɗa ba. Wannan juyin matsayi shi ne ya sa labarin fito ya bambanta da sauran labaran direbobi. A labarin ɓarayi ko na tsinkewar birki a gangaren dutse, mai ba da labari shi ne jarumi. A labarin fito kuwa yakan yarda cewa ya ji tsoro, kuma yabon yakan tafi ga mai jirgi. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

5.0 Abin da Ke Kifar da Jirgi

Idan aka ɗora waɗannan labarai a kan ma'aunin ilmin yanayi da na ƙirar jirage, za a ga cewa abubuwan da direbobi ke ambata sun dace da abin da masana suka tabbatar. Abubuwa huɗu ne.

Na farko shi ne iskar hadari. A Afirka ta Yamma manyan hadura daga gabas suke tasowa su yi yamma, kuma sun fi tsanani a farkon damina da ƙarshenta, watau wajen Afrilu zuwa Yuni, da kuma Satumba zuwa Oktoba. Iska mai sanyi takan riga ruwan sama isowa, ta bugo farat ɗaya. Ƙarfin bugun iska kuwa ba daidai da saurinta yake ƙaruwa ba: idan saurinta ya ninka biyu, ƙarfin bugunta ninkawa huɗu yake yi. Motar da aka yi wa lodi har sama aka lulluɓe da tamfol, mai tsawon mita 8 da tsayin mita 3, ta ba iska bango mai faɗin murabba'in mita 24. Motoci uku ko huɗu irinta a kan dandamali sun mai da jirgin tamkar mai filafilai. A kan Binuwai lamarin ya fi muni, domin kogin daga gabas yake gangarowa yamma, jirgin fito kuwa tsakanin kudu da arewa yake kai da kawowa. Ke nan iska da igiyar ruwa duka a haƙarƙari suke dukansa, suna tura shi nesa da kwatar da ya nufa.

Na biyu shi ne cikar kogi. Binuwai yakan kai matuƙar cikarsa tsakanin Agusta da Oktoba, lokacin da yake ɗauko itatuwa da tarkace, ya kuma shanye matakalar kwata. Wannan lokaci ya zo daidai da haduran ƙarshen damina. Da rani kuma sai matsalar ta juya: ruwa ya janye, tsibiran yashi su fito, jirgi mai nauyi ya kafe. Da hunturu hazo ke rufe ƙetare. Saboda haka kowane lokaci na shekara da irin labarinsa.

Na uku shi ne tsayin lodi da rabon nauyi. Duk abin da nauyinsa ya taru a sama, saurin kifewa gare shi. Direba ya san haka a kan kwana, kuma dokar ba ta sauya ba a kan ruwa. Idan aka jera manyan motoci a gefe ɗaya, ko mota ta motsa daga inda aka tsayar da ita don ba a sa mata waigi gaba da baya ba, jirgin zai karkata, kuma karkatar za ta sa sauran motoci su bi ta.

Na huɗu, wanda direbobin tanka suka fi kowa saninsa, shi ne ruwa mai yawo. Tanka mai cin lita 33,000 idan ta cika da fetur tana ɗauke da kimanin tan 24, amma a cike man ba shi da wurin gudu. Tanka mai rabin lodi ita ce mugu, domin a kan kwana man yakan kwarara gefe ɗaya ya ja motar. Abin da ke faruwa a cikin tanka shi ne ke faruwa a kan dandamalin jirgi. Alal misali, dandamali mai tsawon mita 20 da faɗin mita 8, idan ruwa mai zurfin santimita 10 kacal ya kwanta a kansa, nauyin ruwan ya kai tan 16. Da jirgin ya ɗan karkata, duk wannan nauyi sai ya gangara gefen da ya yi ƙasa, ya ƙara danne shi. Wannan ne dalilin da ya sa tsofaffin matuƙa ke tsananta wa yaransu a kan kwarfe ruwa da buɗe magudanai, ko da ruwan bai kai idon sawu ba.

6.0 Darasin Teku

Tekun da Bahaushe ya fi sani ita ce Bahar Maliya. Kafin jirgin sama ya karɓe jigilar alhazai, mahajjata da yawa a manyan motoci suke tashi daga Maiduguri, su bi ta Fallomi da Abeshe su shiga Sudan, su kama jirgin ƙasa zuwa gaɓar teku, sa'an nan daga Sawakin ko Bur Sudan jirgin ruwa ya kai su Jidda, tafiyar kusan kilomita 300. Motar takan tsaya a tudu, amma direbobin da suka sauke farali ta wannan hanya sun komo da siffar teku a bakinsu, da raƙuman ruwa da amai da jiri. Daga nan ne kalmomin teku suka sami shiga labaran kogi.

Manyan haɗurran jiragen ɗaukar motoci a tekunan duniya sun gaskata abin da aka faɗa a sashe na 5. A ranar 31 ga Janairu 1953 guguwa ta fasa ƙofofin baya na jirgin Princess Victoria tsakanin Sikotilan da Ailan ta Arewa, ruwa ya cika wurin ajiye motoci, mutane fiye da 130 suka rasu. A ranar 6 ga Maris 1987 jirgin Herald of Free Enterprise ya bar tashar Zeebrugge ta Beljiyam ƙofofinsa na gaba a buɗe, ya kife cikin 'yan mintoci, mutane 193 suka halaka, cikinsu har da direbobin manyan motoci. A watan Satumba na 1994 igiyar ruwa ta ɓalle murfin gaban jirgin Estonia a tekun Baltik, aka rasa mutane 852. A nan Afirka ta Yamma, jirgin Joola na ƙasar Senigal, wanda aka ƙera don ɗaukar mutane ƙasa da 600, ya kife cikin hadari a gaɓar Gambiya ranar 26 ga Satumba 2002, mutane fiye da 1,800 suka rasu. A Bahar Maliya kanta, a watan Fabrairu na 2006, gobara ta tashi a jirgin Al-Salam Boccaccio 98 tsakanin Saudiyya da Masar, ruwan da aka yi ta zubawa don kashe wutar ya taru a wurin motoci ya karkatar da jirgin, kimanin mutane 1,000 suka salwanta. Girman jiragen ya bambanta da na Numan ko Ibi nesa ba kusa ba, amma dalilan su ne dai: lodi fiye da kima, iska a haƙarƙari, da ruwa mai yawo.

7.0 Yadda Za a Auna Labari

Labarin baka ba ya rasa gishiri. Kogi yakan zama teku, fiton rabin awa ya zama na wuni guda, igiyar ruwa ta kai tsayin soro. Wani lokaci mai ba da labari yakan ɗauki abin da ya sami maigidansa ya mai da shi nasa, ko ya haɗa aukuwa biyu ta zama ɗaya. Akan kuma shigo da mutanen ruwa, a ce kogi yana karɓar rabonsa kowace shekara. Bai kamata mai nazari ya yi fatali da labari saboda waɗannan ba, domin ƙarin da aka yi yana nuna girman tsoron da aka ji, maganar mutanen ruwa kuma tana nuna yadda al'umma ke hana yaranta wasa da kogi a lokacin cikarsa.

Akwai hanyoyin gane lokacin da abu ya faru ko da mai labari bai riƙe shekara ba. A tambaye shi da wane kuɗi ya biya fito: in da fam da sule ne, to kafin 1973 ne, shekarar da naira ta fito. A tambaye shi ta wane hannu ake tuƙi: Nijeriya ta koma hannun dama a watan Afrilu na 1972. A tambaye shi kafin yaƙin basasa ne ko bayansa, watau kafin 1967 ko bayan 1970. A tambayi irin motar da kayan da ta ɗauko, domin kaya ke nuna lokacin shekara: gyaɗa da auduga na kaka da rani ne. Sa'an nan a gwada amsoshin da shekarar da aka buɗe gadar wurin. Labarin da ya ce an yi hadari mai tsawa ana tsakiyar hazon hunturu yana bukatar a sake dubawa. Daga ƙarshe, a nemi bakin ɗaya ɓangaren, watau tsofaffin matuƙan jirgi da ke garuruwan kwata, domin abin da direba ya gani daga kan dandamali daban yake da abin da mai riƙe da akalar jirgi ya gani.

8.0 Kammalawa

An nuna a wannan takarda cewa fito wani babban sashe ne na tarihin sufurin mota a Arewa, tun daga shigowar manyan motoci har zuwa lokacin da gadoji suka yawaita, kuma labaran da ya haifar sun dace da abin da ilmin zamani ya tabbatar game da kifewar jirage. Gada ta raba direba da jirgi, amma ba ta raba talakan bakin kogi da shi ba. A watan Mayu na 2021 wani jirgi ya nutse a yankin Wara a Jihar Kebbi da mutane fiye da 100, a watan Yuni na 2023 kuma wani ya kife a ƙasar Patigi ta Jihar Kwara da masu dawowa daga biki, aka rasa fiye da 100. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda aka kafa a 1997 da hedkwata a Lakwaja, tana da dokoki a kan lodi da tafiyar dare da rigar ruwa, amma doka takan fi shiga kunne idan ta zo da muryar wanda ya gani da idonsa.

Saboda haka ana ba da shawara ga sassan koyar da harsunan Nijeriya da na tarihi a jami'o'inmu, su haɗa kai da ƙungiyoyin direbobi, irin su ƙungiyar ma'aikatan sufurin mota ta ƙasa da aka kafa a 1978 da ƙungiyar direbobin tanka, a ɗauki muryoyin waɗannan dattawa a Rido da sauran matattaran manyan motoci, a rubuta su da Hausar da aka faɗe su, a kuma tsamo kalmomin sana'ar da ke cikinsu domin masu aikin ƙamus. Gidajen rediyo ma za su sami abin watsawa a farkon kowace damina. Dattawan nan suna nan da ransu a yanzu, kuma a shirye suke su yi magana ga duk wanda ya zauna ya saurara.